Feshin gonakin Kadawa da ƙwaƙwalwar yara: wa ke aunawa?

Tun bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, gonakin rani na Kura, Bunkure da Garun Malam ke ciyar da Kano da shinkafa, alkama da tumatur. Abin da ba a cika tattaunawa ba shi ne maganin ƙwarin da ake fesawa a yankin, musamman tun da tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye tumatur a 2016.

Ɗaya daga cikin magungunan da suka daɗe a hannun manoman ƙasar nan shi ne chlorpyrifos. Yana kashe ƙwaro ne ta hanyar toshe wani furotin mai daidaita saƙon jijiya, kuma akwai irinsa a jikin ɗan Adam. Masana a Jami'ar Columbia ta Amurka sun bibiyi yaran da maganin ya shiga jikinsu tun suna ciki, suka ga raunin fahimta da sauyi a tsarin ƙwaƙwalwarsu. Tarayyar Turai ta haramta shi a 2020, hukumar NAFDAC ta sanya shi cikin waɗanda za a daina amfani da su, sannan a watan Mayun 2025 ya shiga jerin haramtattun sinadarai na Yarjejeniyar Stockholm. Sai dai haramcin takarda ba ya kwashe kwalaben da suka riga suka shiga kasuwa.

Gano illar ga ƙwaƙwalwa mai tasowa aiki ne na ɗakin gwaji. Ana amfani da sinadaran garkuwar jiki da aka sarrafa musamman, kowanne yana manne wa furotin guda, kamar doublecortin, wanda ke bayyana a sababbin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Idan ya manne, sai ya nuna launi ko haske a madubin likita, mai bincike ya ƙirga ƙwayoyin da suka tsiro a ƙwaƙwalwar ɓeran da aka bai wa maganin. Fasahar samar da irin waɗannan sinadarai ba sabuwa ba ce, tun 1975 Köhler da Milstein suka ƙirƙiro ta a Ingila. Matsalar ita ce daga waje ake sayo su da dala, kuma ba sa jure zafi. Ɗaukewar wuta na 'yan kwanaki ya isa ya lalata abin da aka shafe watanni ana jira, ga kuma faɗuwar darajar naira tun 2023.

A ganina, wannan tsadar ba hujjar naɗe hannu ba ce. Akwai gwajin jini mai sauƙi da ke nuna ko maganin ya toshe furotin ɗin a jikin mai feshi, kuma ba ya buƙatar waɗancan sinadarai. Shi ya kamata gwamnatin Kano da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are su fara kaiwa asibitocin Kura da Bunkure, a auna masu feshi da mata masu juna biyu kafin noman rani da kuma tsakiyarsa. Binciken mai zurfi a bar wa Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tare da kuɗin sayen kayan da firijin da ba ya dogara da wutar gari.