Roron Kalmomi Ba Ya Cika Rumbu

Daga Dambatta zuwa Bichi gona manne ta ke da gona, kowane taku na ƙasa da mai shi. Manomin wannan yanki ba ya rabuwa da takin zamani, da maganin ƙwari, da rance, musamman masu noman rani a Watari da madatsar Thomas. To, buhun taki da kwalbar magani da takardar banki galibi da Turanci a ke rubuta su. Shi ya sa wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci ya kan so ya ƙara da Turanci.

Abin takaici, sau da yawa sai ya faɗa hannun malamin da zai jera masa kalmomi ashirin a kan allo, ya ce a haddace. Kafin kaka ta zo duk sun zube, sai dattijo ya ce kansa ne ya tsufa. Ba haka ba ne, gemu ba ya hana ilmi. Tun da Gwamna Abubakar Rimi ya kafa hukumar ilmin manya a 1980, masu furfura nawa su ka koyi karatu a Jihar Kano? Laifin yana ga hanyar koyarwa.

Haddar kalma ɗai ɗai roron gyaɗa ne: wahala da yawa, abin hannu kaɗan. Wanda kuwa ya tumɓuke gindi, 'ya'ya su kan biyo shi gaba ɗaya. Kalmomi ma dangi gare su. Bahaushe ya san noma da manomi da manoma tushensu guda. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya fi shafi 1,000, amma babu Bahaushen da ya haddace shi kafin ya iya magana.

Haka Turanci ya ke, har ma manomi yana da irinsa a baki bai sani ba. Direba daga driver ta fito, tushenta drive, watau tuƙa. Lebura daga labourer, tushenta labour, watau aikin ƙarfi. Wannan wutsiya ta er ita ce ma ɗin da Hausa ke sawa a gaba: farm da farmer, noma da manomi. Wanda ya san pay, biya, ya kama payment da paid da unpaid. Tsakanin paid da unpaid haruffa biyu ne kawai, amma ɗaya na nufin an biya bashi, ɗaya na nufin yana nan a wuya. Mutum ya sa hannu bai lura ba, gonar gado na iya salwanta.

Waɗansu su kan ce Turanci ba shi da amana: go ta koma went, kuma inflammable da a ke gani jikin tankar mai ba ta nufin abin da ba ya cin wuta, tana nufin mai saurin kamawa. Gaskiya ne. Amma Hausa fa? Akuya ta zama awaki, sa ya zama shanu, ba wanda ya fasa kiwo saboda haka. Irin waɗannan baƙaƙen tumaki su ne su ka cancanci hadda.

Saboda haka ya wajaba malami ya ajiye jerin kalmomi, ya shigo aji da buhun taki da rasit. Ɗalibi kuwa, duk kalmar da a ka ba shi, kada ya bar ajin sai ya tambayi danginta.