Kafin Ka Ƙara Ƙwaya, Ka Koyi Zaman Natsuwa

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, idan ciwo ya wuce wata 3 bai rabu da kai ba, ya zama ciwo mai zama. Ciwon bayan manomi, sanyin ƙashi a gwiwar tsohuwa, zafin tafin ƙafa na mai ciwon suga, zogin amosanin jini, duk irinsa ne. Abin da muke gani kullum a ɗakin shan magani shi ne mutum ya gaji, sai ya riƙa ƙara ƙwaya a kan ƙwaya daga masu tebur a kasuwa. Diklofenak da ibuprofen, in an daɗe ana sha, sukan jawo gyambon ciki har ya zub da jini, sukan kuma lalata ƙoda. Taramol kuwa, kowa ya ga yadda ya kama samarinmu. Ni a ganina, kafin ka ƙara ƙwaya, ka fara koyon zaman natsuwa. Ko sefa ɗaya ba za ka biya ba.

Ga dalili. Jijiyoyi ne ke kai saƙon ciwo zuwa laka, daga can ya hau ƙwaƙwalwa. A 1965 wasu masana biyu, Melzack da Wall, suka bayyana cewa a laka akwai wani abu kamar ƙofa, takan buɗe, takan kuma rage buɗewa. Shi ya sa in ka buge gwiwa kakan murza wurin ka ji sauƙi. Tsoro da rashin barci da yawan tunani sukan buɗe ƙofar nan sosai. Kana kwance da dare kana cewa, wa zai nome mini gona, wa zai ciyar da yara? Sai jiki ya sanƙare, numfashi ya gajarta, ciwon ya ninka.

A 1979 Jon Kabat-Zinn ya fara koya wa masu daɗaɗɗen ciwo wannan zama a asibitin jami'ar Masacuset a Amurka, darasi na mako 8. Ba ya cire ciwo daga jiki, kada kowa ya ruɗe ka. Taimakonsa matsakaici ne. Amma mutane da dama sun sami damar yin barci da komawa ƙananan ayyuka.

Ka sami wuri mai inuwa, ka zauna ko ka kwanta yadda ya fi maka sauƙi, minti 10, da sassafe ko kafin barci. Sa hannu a ciki, ka ji yadda yake tashi yana sauka. Kada ka tilasta numfashin. Hankalinka zai gudu zuwa bashi ko kuɗin makaranta. Haka na kowa yake yi, dawo da shi a hankali ba tare da faɗa da kanka ba. Bayan 'yan kwanaki, ka fara duban ciwon kansa. Ina ya fara, ina ya tsaya? Zafi ne, suka ne, ko nauyi? Za ka lura ba tsaye yake wuri ɗaya ba, yana hawa yana sauka. Sai ka nemi gaɓar da ba ta ciwo, ko da kunne ne, ka huta a can.

Wasu a ikilisiya sukan tambaya ko wannan ba sujadar wani addini ba ce. Gaskiya ne asalinsa daga mabiyan Buddha ne a Asiya. Amma wanda ake koyarwa a asibiti babu kiran sunan kowa a ciki, babu durƙusa wa kowa. Numfashin da Allah ya ba ka ne kake lura da shi. In zuciyarka ba ta kwanta ba, ka yi shawara da fastonka ko malaminka.

Maganin da aka rubuta maka, na suga ko na hawan jini ko na amosanin jini, ka ci gaba da sha. In ciwon ya sake kama, ko ya zo da zazzaɓi, ciwon ƙirji, aman jini, baƙin bayan gida, ko ƙafa ta mutu, kada ka zauna lura da numfashi. A kawo ka asibiti a ranar.