A Tambaya Kafin a Sa Diga a Ƙasa

Manomin da gonarsa ke bakin titin Keffi zuwa Akwanga yana ganin ya san ƙasarsa ciki da waje, tun da kakansa ma nan ya noma. To amma ƙarƙashin ƙasar ba kamar yadda kakan ya bar shi yake ba. Ruwan famfon da ake turowa Keffi daga matatar ruwa ta Mada da ke Gudi ta cikin bututun da aka binne yake biyowa. Haka nan kamfanonin sadarwa sun shimfiɗa wayoyinsu masu zaren gilashi a gefen manyan hanyoyi, ga kuma wayoyin lantarki da akan binne a wasu wurare cikin gari. Ko ɗaya daga cikinsu ba a ganinsa da ido.

Noman yau da kullum ba shi ne abin tsoro ba. Garmar shanu ko ta tarakta ba ta cika wuce santimita 30 ba, alhali irin waɗannan kayayyaki akan binne su kimanin mita guda. Matsalar tana tasowa ne ranar da manomi ya samu 'yan kuɗi ya ƙudura haƙa rijiya ko burtsatse, ko ramin kiwon kifi, ko harsashin ɗakin kaji, ko ramukan dashen mangwaro da kashu. Kuma kada a dogara da wancan zurfi na mita guda. Zaizayar ƙasa tana rage shi kowace damina, musamman a gangare da bakin rafuka irin su Antau. Aikin faɗaɗa hanyar Keffi zuwa Makurɗi shi ma ya sauya tudu da kwarin bakin titi, ta yadda abin da ke can ƙasa a da yana iya kasancewa kusa da sama yanzu.

Wanda ke ganin an cika zuzuta zancen, ya tuna da Ijegun ta Jihar Legas. A watan Mayu na 2008 wata katafila mai aikin hanya ta fasa bututun man fetur, wuta ta tashi ta cinye gidaje, mutane da dama suka rasu, ciki har da 'yan makaranta. Direban ba ɓarawon mai ba ne, aikinsa kawai yake yi. Fasa bututun ruwa bai kai wannan muni ba, amma yana hana unguwanni ruwa, kuma ta wurin fashewar ƙazanta ke shiga ruwan da jama'a za su sha. Waya ɗaya da aka tsinke tana iya katse sadarwa da cirar kuɗi a garuruwa da yawa.

Doka ma ba ta wasa da lamarin. Dokar Laifuffuka Daban-daban ta 1984 ta tanadi hukunci mai tsanani ga mai lalata bututun mai ko wayar lantarki ko ta sadarwa da gangan. A 2024 kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da ake karewa. Ko da mutum ya kuɓuta a kotu da hujjar kuskure, tsarewa da zirga-zirga da kuɗin gyara sun isa su cinye amfanin shekara.

A nan ne nake da magana da masu kayan. Ba adalci ba ne a tsananta hukunci a kan mutumin da ba a taɓa nuna masa inda layin ya bi ba. A Amurka akwai lamba ɗaya, 811, wadda mai son haƙa ke bugawa kyauta, a zo a yi masa alama kafin ya fara. Manominmu ba shi da irin wannan. Sau da yawa turakun siminti da aka kafa don alama sun karye, ko ciyawa ta rufe su, ko an tumɓuke su an yi iyakar gona da su, ba wanda ya dawo ya maye gurbinsu. Wajibi ne hukumar ruwa da kamfanoni su riƙa sabunta alamunsu, su kuma ajiye taswirar layukansu a sakatariyar ƙaramar hukuma, inda malamin gona zai iya dubawa.

Kafin a kai ga haka, nauyin yana wuyanmu. Malamin gona shi ne wanda manomi ke fara shawarta idan zai yi ramin kifi, don haka tambayarsa ta farko ta zama: mene ne a ƙarƙashin wurin? A zaga a nemi turaku da murafun ramuka. A tambayi mai unguwa da dattawa, domin su suka ga ranar da aka tona, wasunsu ma sun yi leburanci a wurin. Idan filin na kusa da titi, a je ofishin hukumar ruwa ko na kamfanin da sunansa ke jikin alamar, a nemi su turo ma'aikaci, a kuma riƙe amsarsu a rubuce. Takardar nan ita ce garkuwar manomi in abu ya ɓaci.

Inda ake da shakka, a ajiye diga da injin haƙa, a fara da shebur a hankali. In aka ci karo da leda mai launi a shimfiɗe, ko yashin da ba na wurin ba, ko jerin bulo, a dakata nan take, gargaɗi ne aka bari. Kada a dasa itace mai zurfin saiwa a kan layi, kada kuma a ƙona yayi a kansa.

In kuwa tsautsayi ya auku, babban kuskure shi ne a mayar da ƙasa a yi shiru. A sanar da masu kayan da mai unguwa. Idan an ji warin mai ko gas, kowa ya bar wurin ta gefen da iska ke fitowa, ba kunna ashana, ba tayar da babur. Wayar lantarki a ɗauka tana da wuta ko da an ɗauke a gari. Ta sadarwa kuma kada a leƙa bakinta, haskenta na iya lahanta ido, kuma a gaya wa samari babu tagulla a cikinta da 'yan gwangwan za su saya.