Sallah da 'Yan Uku: A Raba Yaran Tun Jajibere

Uwar 'yan uku, a ganina ranar Sallah ta fi sauran ranaku haɗari ga yaranki, musamman idan sun kai shekara biyu sun fara gudu. Gida cike da baƙi, kowa yana zaton wani ne ke lura da su, ke kuma kina bakin murhu kina suyar naman layya.

Tun daren jajibere a raba su, babba ɗaya yaro ɗaya, a ambaci suna: wannan na Goggo, wannan na Inna. Maigida, kai ma kana cikin lissafi, yawon gaisuwa ba zai hana ka riƙe ɗaya ba. Kada a bar wa 'yar shekara takwas yara uku.

A ɗauke kaskon mai daga hanyarsu, a rufe bokitan ruwa, a hana su gyaɗa da alewa mai tauri don kada su shaƙe. Kalanzir a kwalbar lemo kuwa, yaro lemo yake gani. Idan ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, a kawo shi asibiti nan take. Ƙuna kuma ruwa mai sanyi ake kwarara mata na minti 20, ban da ƙwai ko man goge baki.

Anko yana da kyau, ni ma ina so. Amma idan suna kama da juna, a bambanta hula ko ɗankwali, don kada a ba lafiyayye maganin zazzaɓi a bar mai ciwon.