Kafin a ce "sai an sauke inji", a fara duba buji

Direban da ya taso daga Magarya zai nufi Damagaram, ya fito zai wuce babbar mota kusa da Bande, ya taka totur sai mota ta hau tari tana fizga, shi ya san wannan ciwo ba na wasa ba ne. A tsaye injin lafiya lau yake kaɗawa, sai an nemi gudu yake gazawa.

Dalilin ba boyayye ba ne. Idan aka taka totur, matsi yana ƙaruwa a cikin silinda, buji na buƙatar wuta mai ƙarfi kafin ya tartsa, injin kuma na neman ƙarin mai. A nan ne bujin da ya cinye, ko kwayil mai rauni, ko waya mai tsaguwa, ko matatar mai da ta toshe ke tona asirin kansu. Launin bakin buji ma yana magana: baƙin toka na nuna mai ya yi yawa, fari fat na nuna ya yi kaɗan, jiƙewa da baƙin mai kuwa aiki ne na cikin inji.

Sai dai a wasu garejojin Magarya da Dungas ba a bin wannan mataki. Ko dai a ɗora laifi kan man kwalba a sallami mai mota, ko a fara canza kaya ɗaya bayan ɗaya da kuɗinsa. Gaskiya ne man bakin hanya kan zo da ruwa ko datti, kuma tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayun 2023 arahar da ke sa a jure masa ta ragu. Amma zargi ba bincike ba ne. A zuba man a kwalba mai haske, ruwa zai kwanta ƙasa kowa ya gani.

Abin ya fi ciwo ga 'yan ci-rani da ke turo kuɗi daga Libiya ko Aljeriya don motar da ke ciyar da gida. Su nemi a faɗa musu silindar da ke fashi. Motocin Turai masu amfani da fetur tun daga 2001 suna karɓar na'urar bincike: P0302, alal misali, silinda ta biyu ke nan. A musanya kwayil ɗinta da na maƙwabciya. Idan ciwon ya bi shi, an kama mai laifi ba tare da an kwance kan inji ba.