Takardar Maganin Yaro a Dajin Birnin Gwari

Tun da aka yi sulhu da 'yan bindiga a ƙarshen 2024, kasuwar shanu ta Birnin Gwari ta sake ci, hankali ya koma kan asibitocin garuruwa irin su Kuyello, Randagi da Dogon Dawa. Ana ta maganar gini da fenti. Abin da ya fi damuna shi ne takardar da aka saba miƙa wa uwa a ƙananan asibitocinmu idan ta kawo yaro da zazzaɓi: maganin cizon sauro, na kashe ƙwayoyin cuta, sirop na tari, na ƙarin jini, ga allura a kai. Alhali tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada jini kafin a ba da maganin zazzaɓin cizon sauro. Gudawar yara galibi ruwan gishiri da sukari take so, da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14, mura kuwa ba ta jin maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Malamin asibiti yana da hujja mai ƙarfi. Uwar ta keto daji a kan babur, ba lalle ta dawo jibi ba, kuma in an sallame ta da magani ɗaya za ta ce ba a duba ɗanta ba, ta zarce kemis ta sayi ja-da-yalo. Gara a haɗa mata komai. Amma nisan nan shi ne ya wajabta a gano ciwon tun zuwan farko. Kwalabe huɗu, kowace da lokacinta, wace uwa za ta bi daidai? In kuɗi ya gaza, mai araha za ta saya, ta bar wanda yaron ke buƙata. Sirop ɗin da ake rainawa ma, kada a manta My Pikin ya kashe yara 84 a ƙasar nan tsakanin 2008 da 2009. Ga ƙwayoyin cuta suna sabawa da magani, har ranar da nimoniya za ta kama yaro amoksisilin ya kasa.

Kayan da ya kamata gwamnatin Gwamna Uba Sani ta fara turawa masu araha ne: tsinken gwajin jini, sikeli domin da nauyi ake auna maganin yaro, agogon ƙirga numfashi, da artesunet na dubura ga wanda ya galabaita kafin a kai shi babban asibiti. Sannan duk wata uku a tura mai duba takardun magani, ya zauna da ma'aikacin su ƙirga yara nawa aka yi wa allura, nawa aka gwada jininsu.