Danna ɗaya ka saya, danna ɗaya ka fasa

Duk mai sayayya a intanet ya san zancen: biyan kuɗi minti ɗaya ne, amma mayar da kaya sai ka yi ta sallama ba mai amsawa.

Tarayyar Turai ta toshe wannan ƙofa. Tun 2014 mai saye a can yana da kwana 14 ya fasa ciniki ba tare da faɗin dalili ba, ban da irin kayan da aka yi masa na musamman ko masu saurin lalacewa. Daga 19 ga Yunin 2026 kuma, dole shagunan intanet su sa maɓallin fasawa a fili, ba sai an sha wahalar laluben imel ba.

To, mu fa? Dokar kare masu saye ta 2018 a Najeriya ta ba ka damar mayar da kaya mai aibi ko wanda ya saɓa wa abin da aka tallata. Rubuta "ba a mayarwa" a Instagram bai soke wannan haƙƙi ba.

Ajiye hoton tallan da shaidar biya, in an ƙi ka, kai kuka hukumar FCCPC. Ita ma hukumar, ya kamata ta wajabta wa shagunanmu irin wannan maɓalli.